Jan Tsumma a Kan Waya

A gidan hayar da muka zauna a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, igiyar shanya ba ta da mai ita. Ranar da kika ɗaure ta a tsakar gida ta zama ta kowa. Yawancinmu matan gidan taliya muke murzawa muna sayarwa, taliya kuwa sai da shanya, ranar Ibadan kuma ba abin yarda ba ce. Ta fito da hantsi ki ce yau an dace, kafin ki gama kwaɓi hadari ya rufe ta. Shi ya sa da ta leƙo kowacce ke fitowa a guje da tirenta, duk igiyar da hannunta ya kai a kanta za ta shanya. An sha zage-zage a kan wannan, na zagi wasu, wasu sun zage ni, da yamma kuma mu ci a kwano ɗaya.

Waya ɗaya ce a gidan kowa ya san ba ta shanya ba ce, ita ce eriyar rediyona. Daga kan kwanon ɗakinmu ta tashi, ta ratsa saman tsakar gida, ta ƙare a kan wata doguwar gora da maigidana ya kafa a jikin katangar bayi. Jan ƙarfe ce tsirara, tana can sama inda ko da tsani sai an yi miƙa.

Rediyon nan ba na sauraren labarai ba ne, na aika saƙo ne. Mahaifina mai gyaran rediyo ne a wajen Mokola, kuma yana cikin mutanen nan da ke magana da na nesa ta iska don sha'awa kawai, ba kasuwanci ba, ba aikin gwamnati ba. Cikin ƙaurin dalma na girma a shagonsa. Tun ina budurwa ya sa na ci jarrabawar ƙaramin lasisi, da ya rasu kuma 'yan'uwana maza suka kwashe abin da suka ga yana da amfani, suka bar min akwatin rediyon. Da aka zo aurena, maigidana, tela ne mai aikin wuyan riga, ya ce sharaɗinsa ɗaya: kada mazan duniya su riƙa jin muryata. Na ce wannan mai sauƙi ne, dama ni da ƙwanƙwasa na fi sabawa, harshen nan na Mos da ake danna ɗan ƙarfe, gajere da dogo. Da ɗan ƙarfin da ƙaramin lasisi ya yarda min nake gaisawa da mutane a Ghana da Kamaru, ba wanda ya san mace ce ko namiji.

Babban lasisi nake so. Shi ne zai ba ni izinin ƙara ƙarfi da shiga zangunan da aka hana ƙanana, in tsallaka teku yadda mahaifina ke yi. Jarrabawar a Legas ake yi, ba kullum ake buɗe ta ba, kuma wadda ta wuce haihuwa ta hana ni zuwa. Wannan karon na rantse ko da rarrafe sai na je. Littafin karatun ƙato ne, Turanci zalla da lissafi, duk shafukansa sun sha fulawa. Ina juya hannun injin taliya, maigidana na zaune a bakin ƙofa yana karanto min tambayoyi da Turancinsa na tela, yana karya kalmomin gida-gida. In na gyara masa ya ce, "Ke dai ba ni amsa, ba ni za a tambaya ba." Yayarsa takan ce ya zuba ido matarsa na hira da aljanu. Ya yi dariya ya ce aljanun suna da ladabi, ba su taɓa zuwa cin abinci ba.

Saura kwanaki kaɗan jarrabawa aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, gorar nan ta karkace. Ƙarshen wayar ya sauko har daidai kan mutum, ya jeru da sauran igiyoyi. Maigidana ya ce aikin biki ya sha masa kai, sai Juma'a zai gyara. Na bi matan gidan ɗaki-ɗaki na ce kada wadda ta taɓa. Littafina ya ce a sa jar alama a wurin haɗari, sai na yago jan tsumma daga tsohon zane na ɗaura a ƙarshen wayar, na koma ɗaki ina jin na cika ƙa'ida.

Mutum ɗaya ce ba ta nan ranar da na yi wannan shela. Amarya muke kiranta, don ba ta daɗe da zuwa daga Arewa ba, mijinta ɗan dako ne a kasuwar Bodija, buhunan albasa da doya yake ɗauka. Yarinya ce mai kunya, Yaya take ce min, ni na koya mata murza taliya da injina. Ta je kwana wurin 'yar'uwarta a Ojoo, washegari da hantsi ta dawo. A gidanmu kuwa kowace igiyar taliya da tsummanta a rataye, wanda ake goge ƙura da shi kafin a shanya. Igiyar wanki ba a sa mata. In kika ga tsumma a kan igiya, to an ce miki ta taliya ce, goge ki shanya. Wanda ya rubuta littafina bai taɓa shanya taliya ba, ni da na shekara ina yi kuma ban kawo wannan a raina ba.

Ranar ina kan babin tsayin eriya, yadda in waya ta kusanci ƙasa wani ɓangare na ƙarfin da ka tura yake dawo maka baya. Na karanta, na sake, ya ƙi zama a kaina. Sai na ce ga waya ta sauko da kanta, me ya fi in gwada in gani a mita. Na leƙa tsakar gida, ana yayyafi, ba kowa sai tukunyar ruwa a kan kurfotin mai gidan hayar, wata tsohuwa Bayarabiya da muke kira Iya. Na saki labule, na haɗa batir, na zauna ina daidaita maɓallai. A cikin wannan ɗan lokacin yayyafin ya ɗauke, rana ta fito, ni ban sani ba.

Na danna ƙarfen na riƙe. Allurar mita ta hau ta tsaya, sai kuma ta yi wani tsalle da ban taɓa gani ba. Ina cikin mamaki na ji ƙarar mutum a tsakar gida.

Na samu Amarya a ƙasa tana birgima, taliya a warwatse, tukunyar Iya a kife. Ta kama ƙarshen wayar da jiƙaƙƙen hannu don ta ja ta ta miƙe, daidai inda littafina ya ce wutar ta fi taruwa. Ba irin wutar gida ba ce mai girgiza mutum, wannan ƙuna take yi, tana shiga nama kamar an soka ƙusa mai zafi. Da ta fizge ta yi baya sai ta faɗa kan kurfoti, tafasasshen ruwan ya bi ƙafarta daga gwiwa zuwa idon sawu. Tafin hannunta ya yi wani farin layi mai zurfi, ba jini, sai ƙaurin nama. Matan gida suka fito, wannan na cewa a fasa ƙwai, waccan ta ɗauko man goge baki. Na daka musu tsawa, na yi ta kwara mata ruwan sanyi, sannan muka sa ta a keke zuwa asibiti. Duk hanya tana kuka tana cewa, "Yaya, na goge fa, wallahi na goge kafin in shanya." Maganar nan ta fi komai ƙona min rai.

Bayan la'asar muka dawo, an naɗe mata hannu da ƙafa. Ashe wata uwar iya surutu ta riga ta buga wa mijin Amarya waya ta ce wutar matar tela ta kama matarsa, ba a san ko za ta yi rai ba. Muna shiga yana shigowa, gammonsa a hannu, duk jikinsa ɓawon albasa. Ƙato ne, wuyansa ya kai cinyata. Ya dubi matarsa, ya dubi wayar.

Ya ce, "Ina mai wannan abin?"

Na ce, "Ga ni."

"Ba na magana da mace. Kira min mijinki."

Da na yi shiru a nan, wataƙila da labarin ya bambanta, amma ban iya shiru ba tun ina ƙarama. Na ce masa waya tawa ce, mijina allura ya sani, in magana ce ya yi da ni, kuma na faɗa wa kowa kada a taɓa. Bai ko kalle ni ba. Ya naɗe wayar a gammonsa ya fizga. Gorar ta karye, kwanon ɗakinmu ya ɓalle, na ji rediyon mahaifina ya faɗo daga kan tebur, wayar ta jawo shi har bakin ƙofa. Ya ƙara fizga, akwatin ya wuntsulo tsakar gida cikin taɓo.

Daidai nan maigidana ya shigo daga shago, tef ɗin awo a wuyansa. Mutum ne siriri, ko kaza ba ya son yankawa. Ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Ɗan'uwa, don Allah mu zauna, tsautsayi ne, laifinmu ne, mu zauna." Ɗan dakon ya kai masa naushi a baki. Ya faɗi, ya tashi da jini a haɓa, yana ƙoƙarin murmushi, irin na faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Aka shaƙe shi da tef ɗinsa, aka haɗa kansa da bango har sau biyu, hularsa ta yi gefe. Mutumin ya sake shi ya juya kan rediyon, ya ɗaga ƙafa zai taka.

Har yau ban san abin da ya shiga kan maigidana ba. Rarrafowa ya yi ya kifa a kan akwatin, ya rungume shi, hannunsa na dama a kan murfin. Ƙafar nan da takalmin roba mai kauri ta sauka a kan yatsunsa. Ta ɗaga, ta sake sauka. Na ji ƙarar ƙashi kamar ana karya kara. Bai yi ihu ba, wani irin gurnani ya yi, kuma bai saki akwatin ba.

Taɓarya tana jingine a jikin turmi. Na ɗauka da hannu biyu, kan ɗan dakon na nufa, ban ɓoye wa kowa wannan ba. Allah ya sa ya juyo, ta sauka tsakanin wuyansa da kafaɗa. Ya durƙusa, hannunsa ya saki kamar ba nasa ba. Na sake ɗagawa, sai na ji an cakumi gashina ta baya. Amarya ce, da hannunta mai lafiya, tana jan ƙonanniyar ƙafa. Ta gartsa min cizo a damtse har haƙoranta suka shige, na make ta da gwiwar hannu, muka zube tare a cikin taliyarta. Ina dukan yarinyar da na kai asibiti ɗazu, ina kuka, ita ma tana kuka. Iya ce ta sheƙa mana bokitin ruwan wanke-wanke tana cewa, "Kilode, mene ne haka? Kisa za ku yi min a gida? Oya, ku raba su, ku kuna tsaye kuna kallo." Sai a lokacin mazan da suka cika zaure suka tuna suna da hannu.

Mai ɗori ɗaya aka kira musu su biyun, a tabarma ɗaya a zaure. Yatsu uku ne suka karye wa maigidana, na tsakiya a wuri biyu. Maza suka danne shi, aka sa masa tsumma a baki, mai ɗorin ya riƙa jan yatsun ɗaya bayan ɗaya yana murzawa yana tofi. Ina bayan ƙofa ina jin komai, na ciji hannuna don kada in fasa ihu. Shi kuma ɗan dakon ƙashin kafaɗarsa ne ya rabu biyu, da aka zo kansa sai da ya suma.

Manyan unguwa ba su bari maganar ta kai ga 'yan sanda ba. Suka zauna suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kowa ya riƙe ciwonsa, waya kuma ba za ta sake ratsa tsakar gida ba. Ɗan dako da karyayyar kafaɗa ba shi da abin yi a Bodija. Ba a jima ba suka ɗaure kayansu suka nufi tashar Ojoo. Amarya ta wuce ta ƙofata tana ɗingishi, ba ta ɗago ba. Ban yi nadamar taɓaryar ba, ko yau aka taka min hannun miji zan ɗauka. Amma yarinyar nan ina sonta, kuma na yi kewarta fiye da yadda na faɗa wa kowa.

Jarrabawa kuwa na cire ta daga raina. Shago a rufe, rigunan bikin mutane an kwashe an kai wa wani tela, yayar maigidana ta zo ta zauna a ɗakina tana cewa ai ta faɗa, aljanun sun zo cin abinci. Ni ke ba shi tuwo a baki, ni ke masa alwala. Rediyon na goge masa taɓo na tura ƙarƙashin gado, ko kallonsa ba na son yi. Ana gobe tafiya Legas, da rana, yana kwance hannunsa a kan filo, ya ce in ɗauko littafin ya yi min tambayoyin ƙarshe.

Na ce, "Malam, na fasa."

Ya ce, "Kin fasa me?"

"Legas ɗin. Abin da ya ja mana ya isa. Gobe ma zan sa a kai akwatin nan wa masu gwangwan."

Tunda aka ɗaura mana aure mutumin nan bai taɓa ɗaga min murya ba. Ranar ya yunƙura ya zauna, ya ɗauki kofin shayin da ke gefensa da hagu ya maka shi da bango, ya tarwatse. Ya ɗago naɗaɗɗen hannun har kusa da fuskata.

Ya ce, "Wannan fa? A banza ke nan? In mutane suka tambaye ni me ya sami hannunka, in ce na karya shi ne a kan gwangwan? Wallahi in ba ki je ba, ban yafe ba."

Na so in ce ba ni na ce ya kifa a kai ba, maganar ta zo har bakina. Karo na farko a rayuwata na haɗiye. Na share fasassun kofin, na ɗauko littafin na buɗe masa a cinya, na riƙa juya masa shafi. Leɓensa a kumbure, Turancin ya ƙara lalacewa, ban gyara masa ko kalma ɗaya ba.

Ƙanensa ne ya raka ni Legas. Ni kaɗai ce mace a ɗakin, sauran dattawa ne da samari masu tabarau, suna satar kallon hijabina. Cizon damtsena ya kumbura yana zogi, da shi na rubuta. Babu daɗi ko kaɗan a wannan jarrabawar da na shekara ina mafarkinta, haushi ne kawai ya riƙe min biro. Na ci, kuma da maki mai kyau.

Yanzu mun bar gidan Iya, muna wani a cikin Sabon dai, eriyar tana can kan rufin bene inda ba mai shanya. Rediyon ya gyaru, lotsawar murfin ce kawai ta rage. Yatsun maigidana biyu sun warke a sanƙare, ba sa lanƙwasuwa. Ɗinkin riga da wando yana yi a hankali, amma aikin wuya, wanda da shi aka san shi, ya bar shi. Takardar lasisin shi ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a shago, ba a ɗakina ba, duk wanda ya zo awo sai ya ji labarin matarsa da ke gaisawa da mutanen bayan teku.

Gaskiyar ita ce ban tsallaka tekun ba. Lasisin ya ba ni izinin ƙarfi ninkin-ba-ninkin, amma duk lokacin da na kai hannu kan maɓallin ƙarfi sai in ji ƙaurin nan, in bar shi inda yake. Kwanan baya ya shigo ya same ni ina ƙwanƙwasa da wani a Kumasi. Ya tsaya a kaina yana kallon mita, ashe duk karatun da ya yi min bai tafi a iska ba.

Ya ce, "Wannan ai ƙarfin ƙaramin lasisi ne."

Na ce, "Shi ne."

Sai ya miƙo hannun dama ya kama maɓallin zai murɗa da kansa, yatsun suka zame. Ya sake gwadawa, suka sake zamewa. Ya bar hannun a kai ya ce, "To, murɗa mana. Ni ba zan iya ba."